Neman taimako kan daidaita mazaunin na'urar hangen taurari a kudancin duniya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar ilimin taurari. Ina zaune a Jidda, inda tauraron arewa, Polaris, yake tsayawa kimanin digiri 21 sama da sararin ƙasa, kuma dab yake da cibiyar juyawar sama ta arewa, don haka daidaita sandar mazaunin na'urata da wannan cibiya bai taɓa ba ni wahala ba. Yanzu ƙanena ya tafi da na'urar Johannesburg, wadda take kusan digiri 26 kudu da layin da ya raba duniya biyu, kuma ta waya nake ƙoƙarin taimaka masa, amma abin ya ci tura.

Ya juya sandar ta fuskanci kudu, ya kuma shigar da matsayin garin da alamar ragi a manhajar kwamfuta. Manhajar tana ɗaukar hoto, tana gane taurarin, sai dai duk lokacin da ya murɗa kusoshin gefe, masu karkata sandar hagu ko dama, yadda ta umarta, kuskuren ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, taurari kuma suna fitowa da jela a hoto. Ido ba zai fitar da shi ba, domin Sigma Octantis, tauraron da yake kusa da cibiyar juyawar sama ta kudu, dusu-dusu yake, hasken birni kuwa ya rufe shi.

Shin akwai wani wuri dabam a cikin mazaunin kansa da ya kamata a zaɓi kudu, tunda a can taurari suna kewaya cibiyar ne ta hanyar da hannun agogo yake bi, saɓanin namu? Ko kuwa ya fi dacewa ya bar wannan manhaja, ya daidaita ta hanyar lura da zamewar tauraro a wata manhajar mai suna PHD2? Allah ya saka da alheri.