Mayar da gangar silba tukunyar dafa zoɓo

Maman Khalifa, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Akwai gangar silba mai lita 50 a wajen 'yan gwangwan, irin wadda kamfanonin giya ke amfani da ita. Ina son a mayar mini da ita tukunyar dafa zoɓo da citta kafin azumi, har da famfo. Yaya ake yi, kuma za ta yi tsarki?

Baban Ummi mai walda:
Wa alaikumus salam Hajiya. Za ta yi, ta ma fi sanholo, domin tsamin zoɓo yana cin sanholo amma ba ya cin silba. Ki duba gindinta tukuna: in roba ce aka lulluɓe shi da ita, ki bar ta, ba ta hawa wuta.

Kada kowa ya sa mata giranda sai an fitar da iskar ciki. A kwantar da ita, a rufe bakin da tsumma, a danna ɗan ƙwallon da ke tsakiyar bakin da sukudireba har hucin ya tsaya, sannan a zare bututun da ke cikin gangar. A nan mutane ke jin rauni.

Sai a zana da'ira mai faɗin santimita 30 a sama, ko a fara sayen murfi a auna da shi. A yanka da sabon faifai siriri, milimita 1, na yankan silba. Faifan da ya taɓa yankan baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushi, bayan kwana kaɗan ki ga tsatsa a bakin. A goge kaifin sosai.

Injiniya Daura:
Famfo mai rabin inci yana son rami kamar milimita 21, yatsu biyu sama da inda gindin ya lanƙwasa. A huda a hankali, ana ɗiga mai. In aka ba injin gudu, silbar za ta yi zafi ta taurare, bakin injin ya mutu ramin bai fita ba. Famfon ya zama na silba, ba na tagulla ba, washa kuma ta silikon. Baƙar robar masu famfo narkewa take yi. Kar a cika fiye da lita 40, zoɓo na tasowa.

Baban Ummi, ka manta ƙananan ramukan da ke zoben gindi. In sun toshe a buɗe su, ruwan da ya maƙale a ciki zai iya fashewa a kan wuta.

Baban Ummi mai walda:
Gaskiya ne, Injiniya, na gode.

Hajiya Inna, Ƙofar Ƙaura:
'Yata, batun tsarki: silba ba ta tsotsar abu kamar tukunyar ƙasa, wanki yana fitar da shi, amma ki ji ta bakin malaminki don zuciya ta natsu. Ki jiƙa ta da ruwan zafi da sodar sabulu, giram 200 a lita 10, da safar hannu. Ki ɗauraye sau uku, ki tafasa ruwa zalla ki zubar. Bilic kam a'a, ƙananan ramuka yake yi wa silba.