Shin tururin bam ɗin Hiroshima yana bin jini har ga 'ya'ya da jikoki?

Ɗalibar jinya: Assalamu alaikum. Tun da aka ba ƙungiyar Nihon Hidankyo, ta mutanen Japan da suka tsira daga bam ɗin nukiliya, kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024 nake son in fahimci irin cututtukan da suka addabi waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na Agustan 1945, kuma ko gaskiya ne 'ya'yansu sun gaji illar. Masana, a taimaka.

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Illar ba a lokaci guda ta bayyana ba. Sankarar jini ce ta fara, wajen shekara 2 bayan harin, ta kuma kai ƙololuwarta cikin shekara 6 zuwa 8, musamman ga yara. Sadako Sasaki tana da shekara 2 aka jefa bam ɗin, ta taso da ƙoshin lafiya har tana gudun tsere a makaranta, sannan cutar ta kwantar da ita ta rasu a 1955 tana da shekara 12. Bayan kamar shekara 10 sai sankarar mama da ta huhu da ta ciki suka biyo baya, ga kuma yanar ido. Binciken da ke bibiyar mutum kusan 120,000 tun daga 1950 ya nuna cewa gwargwadon kusancin mutum da inda bam ya fashe da kuma ƙuruciyarsa a ranar, gwargwadon haɗarin da ke kansa.

Ungozoma: Malam ya yi bayani, amma a wajen 'ya'ya ne mutane ke cakuɗa abu biyu. Jariran da suke ciki a ranar, musamman cikin da ke tsakanin mako 8 da 15, an haifi wasunsu da ƙaramin kai da raunin ƙwaƙwalwa, domin su ma tururin ya ratsa su. Waɗanda aka ɗauki cikinsu daga baya kuwa, an bincika dubun-dubatarsu, kuma har yau ba a tabbatar da ƙaruwar nakasa ta gado a jikinsu ba. A ganina tsangwama ta fi cutar da waɗannan, domin an sha fasa auren budurwa da zarar dangin miji sun ji cewa 'yar hibakusha ce, wato waɗanda suka tsira daga bam ɗin, har wasu iyaye suka riƙa ɓoye tarihinsu ga 'ya'yan cikinsu.

Dattijo daga Agadas: Allah ya saka muku da alheri. Kada a manta da maƙwabtanmu, domin Faransa ta yi gwajin bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, kuma kan waɗannan gwaje-gwajen ne Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a 1961. Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya, kuma Aljeriyawan da suka samu ba su taka kara sun karya ba.