Jini ko Tuba? Musayar Baitoci Tsakanin Katsina, Daura da Malumfashi

Mai Zaure (Ƙofar Soro):
Salamu alaikum jama'a. Makon nan Auta ne ya ɗauko magana, kuma mai ƙaya ce: me ya sa a addinin Kirista sai an zub da jinin Almasihu kafin a yafe zunubi? Amsa-amonmu "ra". Sharaɗin yana nan yadda kuka san shi, duk wanda ya taɓa mutuncin addinin wani zan goge baitinsa ko da ya fi zuma zaƙi. Auta, bisimilla.

Auta (Ƙofar Guga):
Da sunan Ubangiji mai yalwar rahama,
Wanda ba ya gajiya da yin gafara.

Baba na Malumfashi, ina gaisuwa,
Ba tsiwa ba ce, neman sani na fara.

Adamu ya yi laifi, ya ce na tuba,
Aka karɓa, yana nan cikin Baƙara.

Ba a yanka kowa ba a wannan rana,
Kalmomi ya karɓa, da su ya sam tsira.

In Tanko ya saci akuya a kasuwa,
A kama Audu a ɗaure, ina basira?

Baba (Malumfashi):
Ɗana, ka gaishe ni, na amsa. Gyara zama, tsoho ba ya amsa a tsaye.

Tambayar nan taka ta girme ka,
Ta girmi ganuwar Katsina da ta Daura.

Mu faro daga Musa, kada mu yi tsalle,
Buɗe Firistoci a cikin Attaura.

Sura 17, aya 11 ta faɗa,
Rai na cikin jini, da shi ake kaffara.

Sau ɗaya a shekara babban firist kan shiga
Bayan labule, jama'a na waje suna jira.

Bunsuru biyu ne, guda a yanka shi,
Guda a aza mai laifin gari, dawa a kora.

Wasiƙar Ibraniyawa ta ce jinin bijimi da bunsuru
Ba ya kau da zunubi, shi dai ishara.

Ran da Yahaya ya hangi Yesu na tafe,
Ya ce ga Ɗan Rago na Allah, nan ne bishara.

Ba Audu aka kama don laifin Tanko ba,
Alƙalin ne ya sauko ya biya tara.

Bari in ba ka abin da idona ya gani,
Wata shekarar fari, ina cikin yara.

Maƙwabci ya ranci dami goma na gero,
Damina ta wuce, bai girbi ko ƙwara.

Babana ya ce na yafe, je ka abinka,
Mu muka ci tafasa da dusa har aka yi shara.

Yafiya ba ta sa bashi ya bi iska,
Mai yafewar shi ke haɗiye asara.

Malam (Daura, kusa da Kusugu):
Baba, Allah ya ja da kwana. Geron nan ya taɓa ni, don mu ma mun ci tafasa. Amma a nan misalin ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ni da ƙwar huɗu zan shigo.

Rumbun mahaifinka in an ɗiba,
Dole ya ragu, ba mu musa ba,
Taskar Ta'ala ba ta taɓa raguwa ba,
Don ya yafe ba shi yin asara.

Bara a Mai'aduwa na sayo ragona,
Fari mai ƙaho, na ja shi gidana,
Na yanka bayan Idi da hannuna,
Sai Hajji, aya 37, ta yi min kira:

Naman ba ya isa wurin Allah,
Jinin ma ƙasa ke sha, wallah,
Taƙawa ke hawa, kamar sallah,
Ita ake aunawa ko da ƙwayar zarra.

An'ama ta faɗa, kai ma ka sani,
Mai kaya ba ya ɗaukar kayan wani,
Ezekiyel naku ma ya yi bayani,
Sura 18, haka ya tsara.

Batun gicciye kuwa ba mu haɗu ba,
Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba,
Ba su kuma tsire shi a gungume ba,
An ɗauke Isa, muna nan muna jira.

Mai Zaure:
Malam, baitinka na ƙarshe wata gona ce daban. Ko an gicciye ko ba a gicciye ba, mun yi wannan a watan azumi har aka kusa raba zaure. Yau dalili muke bi.

Malama (Ƙofar Marusa):
Ni tarihi nake koyarwa, ba tauhidi ba, a yi mini afuwa in baitina ya yi ɗingishi.

Kuna ja kamar bakin Kirista ɗaya ne,
Alhali malamansu sun daɗe suna muhawara.

Atanasiyus na Iskandariya, ya rasu 373,
Ya ce mutuwa ta kama mu, Mai rai ya shige ta ya gyara.

Agustin ɗan Afirka ne, ƙasar Aljeriya ta yau,
Ya ce laifin Adamu gado ne, ya bi manya da yara.

Anselam na Kantabari, wajejen 1098,
Ya ce talaka ya keta alfarmar Sarki, ga tara:

Mutum ke da bashin, Allah ke da abin biya,
Sai wanda ya haɗa biyun, kun ji dabara.

Abelar a Faransa ya ƙi, ya ce wa zai huce
Da jinin marar laifi? Ƙauna aka nuna ƙarara.

Su kuwa Yahudu, da Rum ta rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70,
Ba bagade, tuba da addu'a da sadaka ne saura.

Baba, kai wanne ka riƙe? Ni dai na ga geron nan naka ɗan'uwan Anselam ne, hular Malumfashi kawai ka sa masa.

Auta:
Malama ta ba ni ƙarfin gwiwa. Baba, ka yi haƙuri, da sandarka zan taɓa ka.

A Luka 15 na ji labarin wani ɗa,
Ya karɓi gadonsa ya cinye, bai bar saura.

Ya dawo da yunwa, uban ya hango shi,
Ya rungume shi tun kafin ya gama tsara.

Maraƙin da aka yanka na walima ne,
Wuƙa ta zo ne a bayan gafara.

Baba:
Kai, yaron nan! Wa ya ba ka Luka? Ka buge ni a inda ya kamata, kuma wannan tambayar matasanmu ma kan yi mana ita a aji ran Lahadi. Malama, ban san Anselam da hula ba, amma ba zan ƙi shi ba, kuma Abelar bai yi ƙarya ba. To ku saurara.

Gadon da ɗan ya cinye, gumin wa ne?
Uban bai ce kawo ba, shi ya ɗau asara.

Dattijo ya tattare riga yana gudu a gari,
Girmansa ya zubar don ɗa ya sam sutura.

Malam ya yi gaskiya, taskar ba ta raguwa,
Ba don talauci Allah ya nemi kaffara.

Amma ga matar da aka kashe wa miji a gona,
Ta tsinci hularsa a tsakanin kara.

In Mai sama ya ce wa makashin ba komai,
Me kunnenta ya ji? An mai da jininsa shara.

Gicciye na cewa zunubi ba ba-komai ba ne,
Ga nauyinsa a fili, kowa ya lura.

Kuma kalmar dole ku sassauta mata,
Ba a ja shi da igiya kamar ragon Daura.

A Linjilar Yahaya 10 Yesu ya ce ba mai ƙwace mini rai,
Ni ke ba da shi, ba wanda ya tura.

Ezekiyel ya hana a ɗora wa ɗa laifin uba,
Bai hana Mai bashi ya biya ba in ya ƙudura.

Malam:
Baba, matar nan ta mai gona na san irinta, suna da yawa a ƙasar nan tamu, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Amma wa ya ce maka za a ce ba komai?

Haƙƙin Allah tuba ke share shi,
Haƙƙin bawa sai bawa ya yafe shi,
In ya ƙi, ranar hisabi a tsai da shi,
Makashi da mai gona, ba mai yin gaba sai an gyara.

Hadisin matsiyaci ya yi bayani,
Ya zo da sallah da azumi, ga haƙƙin wani,
A kwashi ladansa a biya, yana gani,
In ya ƙare a jibga mai zunubansu a ƙara.

Ka ga wanda ya ci shi ne ya biya,
Ba a nemo wani daga sama ya tsaya,
Adalci ya cika, ga kuma yafiya
Ga wanda ya tuba tun kafin gargara.

Baba:
Hadisin nan na ji shi a bakin maƙwabcina tun muna samari, kuma ya hana ni barci a daren. Baiti biyu kawai, idona ya gaji da hasken waya.

Wanda ladansa ya ƙare a gaban ma'auni,
Ya juya hagu da dama, ba ko ƙwara,

Shi nake tambaya wa zai tsaya masa, Malam,
Don na auna kaina, a layinsa nake jira.

Mai Zaure:
An kira magariba, a dakata nan. Malam, bashin amsa na kanka, gobe bayan la'asar, kuma kada ka sake mana amsa-amo. Auta, "tsara" ɗin nan taka a baitin runguma jawo ta ka yi da ƙarfi, tsara me? Malama kuwa tararki goro goma, na gwada rera 1098 sau uku, ya ƙi hawa kowane kari.