Kwamfutata tana manta kwanan wata, wai sai an goge komai?

Maman Ummi, Hayin Dogo:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Ina da ta kan tebur, tokumbo ce, da ita nake buga wa ɗaliban ABU furojet a gida, yarana kuma suna gwajin tambayoyin JAMB a kanta. Rabin cefanen gidan nan daga jikinta yake fitowa. Kwanan nan duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ta tsaya a baƙin allo ta ce in danna F1. In na danna tana shiga, amma agogo ya koma sha biyun dare, shekarar ma ta koma can baya. Gmail ya ƙi buɗewa, sai dai ya rubuto "Your connection is not private", alhali ga data, wayata tana buɗe komai. Wani mai gyara ya ce bairos ne, sai an goge komai. Ni kuwa akwai babi huɗu na wata ɗaliba a ciki, Litinin za ta kai wa malaminta.

Ɗan Kongo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda a goge miki komai, batirin agogo ne ya mutu. A kan babban allon da ke cikin akwatin akwai wani ɗan batiri fari mai sheƙi kamar kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa, bolt 3 ne. Shi ke riƙe lokaci idan babu wuta. Shafukan intanet kuma kowanne yana da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogonki yana nuna tsohuwar shekara, sai burauza ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba, ta hana ki shiga.

Yanzu ki gyara kwanan wata da hannu daga agogon da ke ƙasa ta dama, Gmail zai buɗe nan take. Batirin kuwa masu gyaran agogo a kasuwar Samaru ko Sabon Gari ba sa rasa shi, irinsa ake sa wa rimot ɗin motoci da yawa. Ki zare wayar wuta kafin ki kwance murfin, ki tura ɗan ƙarfen da ya danne shi gefe zai tsallo da kansa, ki sa sabo gefen mai alamar + yana sama. Tunda kin buɗe, ki hure ƙurar fanka, hunturun Zariya ba ya raga mata.

Malam Na Tudun Wada:
Abin da ya faɗa daidai ne. Ni dai jan kunne zan ƙara, 'yar'uwa. Tunda kin yi tambaya a fili, wani zai iya binki ta bayan fage ya ce ki sauke AnyDesk ya gyara miki daga nesa. Duk wanda kika ba lambar da manhajar ke nuna miki yana ganin allonki, yana juya linzaminki, har imel ɗinki zai iya shiga. Ciwon da ke jikin batiri ba wanda zai warkar da shi daga Legas. Kuma aikin yarinyar nan ki kwafe shi a filash yau, kafin ki taɓa sukurdireba.

Maman Ummi, Hayin Dogo:
Allah ya saka da alheri, na gyara kwanan watan kuma ya buɗe, har na tura mata aikinta. Sai dai ga wani saƙo yana cewa Windows 10 ta daina samun tallafi. Shi ma batirin ne?

Ɗan Kongo:
A'a Hajiya, wannan daban. Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, bugun takardu ba matsala. Windows 11 da ta gaje ta tana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta) da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na zamani (in Intel ne, zubi na 8 zuwa sama), tsofaffin tokumbo da yawa ba su kai ba. Ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta msinfo32, ki turo min abin da ke layin furosesa in duba miki.