Gidajen da muke zubi a hanyar Madobi sun tsaya a linta: mu ci gaba da biya ko mu dakata?

Baban Ummi, Ɗorayi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da ta filaye, domin lamarin nan ya fara hana ni barci.

Ni malamin sakandare ne a Kano, shekarata 17 ina koyarwa, kuma duk tsawon lokacin nan a gidan haya nake da iyalina. A shekarar 2021 ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aikinmu ta haɗa mu da wani kamfanin gine-gine, ba zan kama sunansa ba, wanda ya zo da tsarin gidaje 60 a wani fili gefen hanyar Madobi, bayan an wuce Panshekara. Kowane gida ɗaki biyu da falo, kicin, banɗaki biyu da ɗan tsakar gida da za a iya shanya. Kuɗin gida naira miliyan 6 da rabi. Kafin alƙalami miliyan ɗaya da rabi, sauran kuma zubi, 40,000 duk wata. Alƙawarin shi ne bayan wata 24 a miƙa mana makulli, mu ci gaba da biya muna ciki.

Don in haɗa kafin alƙalamin nan sai da na sayar da kasona na gonar gadonmu a Ƙiru, Maman Ummi kuma ta sayar da sarƙar gwal ɗin da mahaifiyarta ta bar mata. Ban roƙe ta ba, ita ta ɗauko ta miƙo mini. Wannan ne ya fi yi mini nauyi a rai.

Da farko aiki ya tafi da gudu. Tifa na sauke yashi, leburori cike da wuri, har wata mai abinci ta kafa rumfa. Daga tsakiyar 2023 komai ya tsaya cak. Ranar Asabar da ta wuce na hau babur na je na gani da idona. Gidaje 14 ne aka yi wa rufin kwano, babu ƙofa babu taga. Wajen 30 sun tsaya a linta, har da nawa, mai lamba 37. Sauran fandisho ne kawai, ciyawa ta rufe su har sai ka yi tuntuɓe da bulo za ka san akwai gini a wurin. Inda aka ce titi ne zai ratsa, kuɓewa da wake na tarar. Dattijon da ke gadi ya ce shi ya shuka, domin wata takwas ke nan ba a biya shi ba. 'Yan jari-bola sun yanke rodin da ya leƙo a saman wasu ginshiƙai. Na shiga ɗakin da na riga na ce wa Ummi nata ne da ƙanwarta, na daɗe a tsaye, sama kawai nake gani.

Makon jiya sai ga takarda daga kamfanin: ko mu ƙara miliyan 4 kowa, ko mu jira “har al'amura su daidaita”, ko a mayar mana da kuɗinmu kaɗan-kaɗan bayan an cire kashi 20 cikin ɗari. Ni kuwa abin da na zuba ya haura miliyan 3 da rabi, kuma har yau ana cire 40,000 ɗin daga albashina, ga mai gidan hayar ya ƙara kuɗi sau biyu.

Don Allah masana, ginin da ya sha damina uku babu rufi yana da sauran amfani? In dakatar da zubin ko hakan zai jawo mini asara? Takardun da ke hannuna rasit ne da wasiƙar da aka rubuta lambar gidana, ba wani abu.

Birkila Ɗan Kurna

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya warware maka. Ni gini ne sana'ata tun ina ɗauko wa maigidana kwaɓi a kai, don haka a ɓangaren bulo da siminti zan tsaya.

Damina uku ba ta kashe gini idan bulon na kirki ne. Matsalar ita ce irin waɗannan ayyukan na gidaje da yawa, galibi a wurin ake buga bulon, kuma nan ne ake cin amana. Bulo mai inci 9 da mu muke yarda da shi, buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce guda 30 ba. Na sha ganin inda ake fitar da 50 har fiye. Irin wannan ko ba ruwan sama da kansa zai fara zubar da yashi. Ka koma da ƙusa mai inci 4, ka karce bulon a wurare daban-daban, musamman layin ƙasa kusa da fandisho da kuma layin sama da ruwa ke shiga ramukansa. In ƙusar ta yi zane kawai, alhamdu lillahi. In kuwa tana nutsewa yashi na zuba kamar garin kwaki, to layukan nan sai an sauke su.

Ka duba tsagewa. Siririya wadda ta bi layin kwaɓi ba abin tsoro ba ce. Wadda ta taso daga ƙasa a karkace ta ratsa bulo, tana faɗi tana hawa, wannan fandisho ne ya zauna, kuma gyaranta da tsada. Ka lura ko ruwa na kwanciya a jikin ginin, tunda ba a yi magudana ba.

Rodi kuwa, tsatsar sama-sama burushin waya na kankare ta. Wanda yake ɓarewa kamar ɓawon itace ya tashi daga aiki. Gidajen da aka rufe ma kada a saki jiki da su, a hau a duba katakon, domin gara ba ta jiran kowa.

Maganar tsada, gaskiya kamfanin bai yi ƙarya ba a nan. A 2021 buhun siminti bai kai 5,000 ba. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya, farkon 2024 sai da buhu ya haura 10,000. Rodi, kwano, kuɗin tifa, duk suka bi. Duk ɗan kwangilar da ya yanka farashi a 2021 bai sayi kaya ya ajiye ba, ya shiga uku. Amma ni abin da zan tambaye su: kuɗin mutum 60 na shekara huɗu, ina lissafinsa? Daga 2023 zuwa yau ana karɓar zubi ba a ɗora ko bulo ɗaya ba. Ko 40,000 ɗin nan ta kowa aka tara, ai da an rufe gida ɗaya ko biyu duk wata.

Maman Hanif, lauya

Malam, sannu da haƙuri. Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka shi ne jimlar ƙarshe, ta takardu. Bulo ana sake shi, amma in filin ba shi da asali, komai kyan ginin a kan ruwa yake.

Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, kuma a yankin da aka ayyana a matsayin birni, sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Wasiƙar da kamfani ya rubuta maka lambar gida shaida ce cewa akwai ciniki tsakaninku, amma ba ita ce mallaka ba. Don haka kafin ku yi maganar ƙarin miliyan 4, ku nemi kamfanin a rubuce ya ba ku kwafin satifiket ɗin mallakar filin, ku ɗauki lambar fayil ɗin ku je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, a bincika muku: sunan wa ke kai, girmansa nawa, kuma ko an jinginar da shi a banki. Wannan na ƙarshen na jaddada shi, domin na ga inda mai kamfani ya karɓi kuɗin jama'a, ya kuma kai takardar filin banki ya ci bashi. Ranar da ya kasa biya, banki ne a gaba, masu rasit suna baya. Sannan ku nemi shaidar amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, da tsarin unguwar da zanen ginin. In suka fara kame-kame, mai yiwuwa gona ce aka saya aka yi mata awon igiya. Ku ziyarci dagacin wurin ku gaishe shi, ku tambaya ko an gama biyan masu gonar, ko akwai magajin da bai sa hannu ba. Sau da yawa abin da ake kira tsadar siminti, rikicin magada ne a ƙarƙashinsa.

Game da zubi: kada kai kaɗai ka tsayar, domin yawancin irin wannan yarjejeniya tana da sharaɗin cewa wanda ya yi fashin watanni kaza ya saɓa alƙawari, sai su juya laifin kanka. Wa ya sa hannu da kamfanin, kai ko ƙungiyarku? In ƙungiya ce, ita za ta rubuta musu cewa sun wuce wa'adin wata 24, kuma daga yanzu za a riƙa tara zubin a wani asusu na daban da ba za a taɓa ba sai aiki ya dawo. Ta haka babu mai cewa kun ƙi biya, kuma kuɗin bai ƙara shiga rijiya ba.

Batun cire kashi 20 kuwa, ku karanta yarjejeniyar da kyau. Irin wannan sharaɗi yawanci an yi shi ne don mai saye da ya janye da kansa. Wanda ya kasa cika alƙawari shi ne zai ci tarar wanda ya cika? Ban ga inda hakan zai tsaya ba. Kuma ka tuna miliyan 3 da rabi ta yau ba za ta saya maka ko rabin abin da ta saya a 2021 ba. Karɓar kuɗi shi ne zaɓi mafi muni a cikin ukun.

Ɗan Na'ibawa

Baban Ummi, ko an gama ginin ma akwai sauran aiki. Dubi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya, da Bandirawo a hanyar Katsina. An gina su a zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, gidaje ne kammalallu da tituna, amma da yawansu suka yi shekaru a rufe, ɓarayi na kwance wayoyi da ƙofofi, har a 2025 gwamnatin jiha ta ba masu su wa'adi su tare ko su sa haya ko a karɓe. Unguwa ba ta rayuwa sai da mutane a cikinta. Ku tambayi naku kamfanin maganar ruwa, tiransifoma da kwalbatin shiga. In babu su a rubuce, ku sa su cikin lissafi tun yanzu.

Hajiya Uwar Marayu, Kaduna

Ɗana, na karanta har sai da na yi ƙwalla a wurin sarƙar nan. Ka gaishe mini da Maman Ummi.

Irin wannan ta same mu a nan, ni da abokan aikin marigayi maigidana. Shekara biyu muna zarya ofishin mai kamfani, kullum “ya yi tafiya”. Abin da ya fisshe mu shi ne mun daina neman ya gama mana. Muka ɗauko mai ƙiyasta gini, ya kimanta abin da ke ƙasa gida-gida, aka kwatanta da abin da kowa ya biya, aka raba mana kangayen da takardar fulotin kowa. Daga nan muka yi adashi. Duk wanda ya kwasa, kwano da katako za a saya a rufe nasa, ba a ba shi kuɗi a hannu. Ni ɗaki ɗaya na fara yi wa shafe da ƙofa na tare da yara, falon ko daɓe babu, ruwa kuma a kura muke saye. Da wuya, ba zan ɓoye maka ba. Amma tun daga ranar kuɗin haya ya koma siminti. Mutum biyu cikinmu sun rasu kafin a kai ga haka, iyalansu ne suka shiga. Shi ya sa nake ce maka kada ku yarda da “ku jira”.

Baban Ummi, Ɗorayi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, Maman Ummi ta amsa, ta ce a yi miki godiya.

Jiya bayan an tashi daga makaranta na koma da ƙusa kamar yadda Ɗan Kurna ya ce. Bulon ƙasa ya riƙe, sai layi biyu na sama a bangon gabas ne ke zuba. Tsagewa ɗaya na gani ƙarƙashin tagar falo, siririya ce. Na ɗauki hotuna zan turo maka, Ɗan Kurna.

Barista, na sami sakataren ƙungiyarmu, ya fito da yarjejeniyar. Ƙungiya ce ta sa hannu, kuma sharaɗin kashi 20 ɗin ga wanda ya janye da kansa aka rubuta shi, kamar yadda kika faɗa. Kwafin satifiket ɗin fili kuwa babu shi a fayil ɗinmu, shi ma sakataren bai taɓa ganinsa ba, shekara huɗu ke nan. Mun rubuta takardar neman sa, mu 23 muka sa hannu, sauran ana bin su. Ranar Lahadi bayan la'asar za mu haɗu a filin, a gaban gida mai lamba 1, daga nan mu wuce wurin dagaci. Mun kuma haɗa ɗan abin da ya samu za mu kai wa Baba mai gadi.

Tambaya ɗaya ta rage mini, Barista: in binciken ya nuna takardar tana banki, mu fara zuwa bankin ne, ko mu fara da kotu?