Gareji ƙafa 60 da 40: dogayen ƙwayayen fitila nawa za su ishe ni?

Bala Birki
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kama rumfa a wajen Ƙofar Ruwa, zan tashi daga bakin titi in koma ciki. Tsawonta ƙafa 60, faɗi ƙafa 40, daga ƙasa zuwa ƙarfen rufi kamar ƙafa 16. Bangon bulo ne ba filasta, taga babu, ƙofa ɗaya ce babba ta gabas. Akwai rami biyu na shiga ƙarƙashin mota, sai benci a ƙurya inda za mu riƙa kwance inji da giyabos. Da an yi la'asar cikin ya zama kamar kogo. Mai wayarin ya ce in sayo dogon ƙwai mai ƙafa 4, irin mai cok (abin da ke daidaita wa ƙwan wuta) da sitata (abin da ke kunna shi), guda 12, wai sun isa. Aminina ya ce 12 ko rabi ba su kai ba. Kuɗin hannuna ba yawa, kuma ran Asabar za a fara aiki. Wanda ya taɓa haɗa wuri irin wannan ya taimaka min da adadi da yadda zan jera su.

Sola Kawai
Wa alaikumus salam. Oga, sa sola ka huta.

Injiniyan Sharaɗa
Malam Bala, aminin naka ya fi mai wayarin gaskiya. Wurinka kusan mita 18 ne da 12, wato murabba'in mita 216. Aikin bakanike yana son haske kamar luks 300 (luks ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri ne) a inda hannu yake aiki, wajen benci ma 500. Ka ninka 216 da 300, lumen 64,800 ke nan (lumen ma'aunin hasken da ƙwai ke fitarwa ne). Amma da baƙin bango, da tsawon rufin nan, da ƙura, wajen rabin hasken ba zai iso ƙasa ba, don haka ka nemi kamar 130,000. Dogon ƙwai mai wat 36 yana ba da wajen lumen 3,000 in sabo ne mai kyau. Ka ga ƙwai 44, wato gida 22 masu cin bibbiyu. Sannan cok ɗin ma yana shan tasa wutar, kowane ƙwai ka lissafa shi wat 45. Jimilla kusan wat 2,000, fitilu kawai, ba kwamfireso ba girenda.

Bala Birki
44! Yallabai, janareton nawa ma duka bai kai ya ɗauki wannan ba.

Ɗan Sabon Gari
Ka bar maganar mai cok, ta wuce. LED mai ƙafa 4 wat 18, na sayi guda 20 watan jiya a 2,800 kowane ɗaya.

Hajiyar Ɗinki
2,800 a ina? Ni 5,500 na saya na shagon ɗinkina. Masu arahar na fara sawa, wata uku suka koma shuɗi-shuɗi, yarana suna kasa bambance baƙin zare da ruwan bula.

Ɗan Sabon Gari
Hajiya, an ga gyalenki ne aka ɗora miki.

Baba Kafinta
Yaro, ina ganin kuna ta ƙirga ƙwai, ni kuwa abin da ya cinye ni ba adadi ba ne. Shekara 19 ina da shagon kafinta, injin yanka biyu, injin goga ɗaya, yara 7 suna ci a ƙarƙashina. Na ba wani yaro aikin wuta saboda ɗan maƙwabcina ne, na ba shi kuɗin waya mai kyau, ya sayo wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa ja. Ya buga gidajen ƙwan kai tsaye a jikin katakon rufi, bai sa bireka ko ɗaya ba, komai a kan layi guda. Akwai ƙwai ɗaya a ƙurya da ya yi mako biyu yana ƙiftawa, bakinsa ya yi baƙi, yana ƙara kamar ƙudan zuma. Kullum in ce gobe. Ban san cewa in ƙwai ya mutu sitata tana ta ƙoƙarin kunna shi, cok ɗin yana ta ɗaukar zafi ba. Lokacin hunturu ne, komai a bushe, garin katako ya kwanta a kan gidajen ƙwan kamar an yayyafa. Ranar aka ɗauke wuta da yamma, muka rufe muka tafi ba wanda ya kashe makunni. Aka dawo da ita cikin dare. Ƙarfe biyu da wani abu mai gadi ya buga min ƙofa. Kafin 'yan kwana-kwana su iso kwanon ya riga ya zube. Gadaje uku na amare da aka biya ni rabin kuɗinsu suna ciki, bikin ɗaya saura kwana 9. Sai da na sayar da filin da na ajiye wa 'ya'yana na biya mutane. Yaron kuwa ubansa ya zo ya ce ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce, amma har yau in na haɗu da shi a masallaci sai na sauya sahu. Yanzu a ƙarƙashin wanda na koya wa riƙe zarto nake aiki.

Hajiyar Ɗinki
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Bala Birki
Allah ya musanya da mafi alheri, Baba. Jikina ya yi sanyi wallahi. Nawa rufin ƙarfe ne, amma ga fetur ga baƙin mai.

Mai Wayarin Dakata
Baba, Allah ya ƙara haƙuri. Amma kada a yi mana kuɗin goro. Sau nawa nake rubuta wa mai aiki waya mai kaurin 1.5 ta fitila, mai kaurin 2.5 ta soket, da bireka daban-daban, sai ya ce ya yi tsada, ya aiki yaronsa kasuwa ya kwaso ta banza? In ta kama kuma sunana za a kira. Shi kuma Injiniya, da girmanka, lissafin ofis ka yi. Shekara 14 ina haɗa gareji, ban taɓa sa ƙwai 44 a wuri irin wannan ba.

Injiniyan Sharaɗa
Shi ya sa duk garejin da ka shiga za ka tarar da yaro riƙe da tocilan waya a baki. Shekara 14 ana yin abu a duhu ba ta mayar da shi haske.

Oga Sani Mai Giyabos
Ku duka ba wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota. Bala, ƙanina, ji nan. Ko ƙwai 100 ka sa a ƙafa 16, da ka ɗaga bonet ka rufe su. Ka sauko da su da sarƙa zuwa ƙafa 10 ko 11, ka jera su a tsakanin motoci, ba a saman rufin mota ba. Benci ka ba shi nasa guda biyu daf da kai. Cikin rami kada ka kuskura ka kai wutar gida, tururin fetur ƙasa yake kwanciya. Fitila mai batir na volt 12 ta ishe ka. Ka raba makunni uku, inda ake aiki kawai za a kunna. Kafin ka sayi ƙwai ko ɗaya, ka shafe bangon da farin fenti, ka cire kwano huɗu ka sa na roba mai shigo da rana. Ni da na yi haka, sai bayan la'asar muke taɓa makunni.

Bazazzagi
Bakano za a ce wa ya sayi ƙwai 44? Ai guda ɗaya zai saya ya ɗaura wa yaron shago a goshi, ya riƙa bin sa da shi daga mota zuwa mota.

Bala Birki
Bawana, ka bari manya su gama magana tukuna.

Injiniyan Sharaɗa
Wani abu kuma, irin mai cok ɗin akwai zaiba a cikinsa, in ya fashe a rufaffen wuri ba alheri ba ne. Turai ta hana shigo da sababbi kasuwa tun 2023, kuma a taron shekarar na yarjejeniyar Minamata, ta rage amfani da zaiba a duniya, aka amince a daina ƙera su zuwa 2027. Ko don samun na canji nan gaba, LED ya fi. Kuma shi in wuta ta zo ba ƙarfi yana kamawa, mai cok sai dai ya yi ta ƙiftawa.

Ɗan Sabon Gari
Wace wutar? Tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, rukunin layukan da aka ce sun fi samun wuta, naira 225 kan yunit, aka ce awa 20 za mu riƙa samu. Layinmu in mun ga awa 8 mun yi sallah, bil kuwa bai taɓa makara ba.

Hajiyar Ɗinki
Ku da kuke ganin awa 8 ma. Taransifomarmu wata biyu ke nan da ƙonewa. An yi karo-karo, kowane shago 15,000, gida 5,000, har yau ba taransifoma ba bayanin kuɗi. Kuma ran Litinin aka kawo min bil na watan da ko fanka ban juya ba.

Bala Birki
Jama'a, to in LED ɗin ne, guda nawa? Gobe Juma'a zan shiga kasuwa.

Mai Wayarin Dakata
Hajiya, wa ya riƙe kuɗin, kwamitin unguwa ko ma'aikatan? Kun karɓi rasit? Don mu ma an taɓa yi mana haka, sai da muka kai maganar gaban mai unguwa.