Zawo a bakin amya a tsakiyar sanyi: wa ya taɓa gani, kuma me ya yi?

Baban Khalifa, Yorkshire, Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon zuma. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan, musamman mazauna ƙasashen sanyi. Amya uku gare ni a wani lambu a bayan gari. Tun shigowar Janairu gaban ɗaya daga ciki ya ɓaci da ɗigo-ɗigon kashi ruwan ƙasa, har kan murfi, ga wani wari mai tsami. Matattun ƙudan da ke bakin ƙofarta sun fi na sauran biyun yawa, wasu kuma suna rarrafe ciki a kumbure, sun kasa tashi. Wani dattijo a ƙungiyarmu ya ce Nosema ce, wato wata cutar hanjin ƙudan zuma, wani ya ce abinci ne kawai. Ko da rana tsaka ma'aunin zafi ba ya wuce digiri 5. In buɗe in duba? Akwai maganin da zan ba su yanzu? Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Maman Ummi, Freiburg, Jamus

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, don Allah kada ka buɗe. A irin wannan sanyi sun cure wuri guda suna ɗumama juna, in ka ɗaga saƙa ɗaya ka watsa musu ɗumin da suka ci zuma mai yawa kafin su tara. Ka sa kunne a jikin akwatin ka ɗan ƙwanƙwasa, in ka ji gunjinsu ya tashi ya lafa, suna nan da rai.

Ni ma na ga wannan ɗigon. Ƙudan zuma mai lafiya ba ya kashi a cikin gida, riƙewa yake yi har a samu ranar da zafi ya kai wajen digiri 10, sannan su fita su sauke. In sanyi ya daɗe bai sassauta ba, cikin kuma ya cika da abin da ba ya narkewa, sai riƙon ya gagara. Mu nan kusa da dajin Schwarzwald muke, zumarmu ta ƙarshen rani baƙa ce, domin ba daga fure take ba, darɓa ce da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwan dajin, irin wadda ake gani a ganyen dawa a gida. A kasuwa tana da tsada, amma mugun guzuri ce ga ƙudan da zai yi watanni a kulle, saboda dusarta ta yi yawa. Shekarar da amyata ta ɓaci na aika da ƙudan aka gwada, ba a sami Nosema ba ko kaɗan. Yanzu in rani ya ƙare nakan kwashe baƙar zumar, in ba su ruwan farin sukari, kilo 3 a lita 2 ta ruwa, su adana shi tun da sauran ɗumi. Ban sake ganin zawon ba.

Dakta, Alberta, Kanada

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma bari in kawo ɗaya ɓangaren, domin ni akasin nata na gani. Ina da amyar da gabanta yake tsaf, babu ɗigo ko ɗaya, ta fito daga sanyi lafiya a ido. Da bazara ta shigo sauran suna ta hayayyafa, ita kuma kullum raguwa take, sarauniya na ƙwai amma babu masu renon. Da aka gwada, ƙwayar cutar ta cika hanjinsu.

Dalili shi ne Nosema iri biyu ce. Nosema apis ita ce tsohuwa, wadda Enoch Zander ya bayyana a Jamus a 1909, ita ake dangantawa da zawon lokacin sanyi. Nosema ceranae kuwa a 1996 aka bayyana ta a jikin ƙudan zuman Asiya, zuwa 2006 aka tabbatar ta shiga na Turai a Sifaniya, kuma sau da yawa ba ta nuna zawo sam. A sabbin rubuce-rubuce za ku ga ana kiran su Vairimorpha, tun 2020 aka sauya sunan. Dukansu dangin naman gwari ne, ƙuda na haɗiye ƙwayar a abinci ko wajen share saƙa mai kashi, ta huda bangon hanji ta hayayyafa, ƙudan ya kasa amfana da abin da ya ci, ya tsufa da wuri. Saboda haka zawo ba shaida ba ne, rashin zawo ma ba shaida ba ne.

Gwajin ba wuya. Ɗebi ƙuda 30 daga bakin ƙofa, masu rarrafe ko waɗanda ba su daɗe da mutuwa ba, ka sa a firiza. A yanke cikkunan, a murƙushe da ruwa mililita ɗaya ga kowane ƙuda, a ɗiga a gilashi, a duba da madubin likita mai ninka abu sau 400. In tana nan za a ga ƙwayoyin birjik kamar ƙwayar shinkafa. Mu a nan in lissafi ya haura miliyan ɗaya a ƙuda guda ake maganar magani. Wasu na zaro hanjin su duba ko ya yi fari ya kumbura, ni dai ban yarda da wannan dubawar ita kaɗai ba.

Malam na Giwa, Zariya

Allah Ya ba su lafiya, Ya mayar da alheri. Ina karantawa ina mamaki. Mu hunturu lokacin aiki ne ga zuma: rimi ya yi fure, mangwaro ya yi, kaɗanya da ɗorawa na biye. Da safe sanyi na hana ta fita, hantsi na yi ta watse. Ba ta taɓa kwana biyu a kulle balle ciki ya cika. Wahalarmu a tsakiyar damina take, lokacin da ruwa ke wuni yana zuba, amya ta jiƙe. Kuma zumarmu in saƙa ta lalace ba ta zama, tashi take yi ta bar maka amya fanko, sai ka ƙone ciki da wuta ka sake turarawa. Wataƙila wannan gudun ne ke raba ta da cutar. Amma tun da muka koma akwatin katako muna mayar da tsohuwar saƙa, maganar Dakta ta sa ni tunani, domin a nan ba mu da al'adar gwada komai.

Ɗan Damagaram, Lyon, Faransa

Ni tawa mutuwa ta yi a Fabrairu, kuma har yau ina jin zafin abin. Da na buɗe bayan ta mutu, murfin ciki sharkaf yake da ruwa, saƙar gefe ta yi funfuna, kashi ko'ina a kan katakon. Numfashinsu ne ke tashi ya koma ruwa a murfi mai sanyi, ya ɗigo musu a ka. Yaya Baban Khalifa, duba wannan tun yau, ba sai ka buɗe ba: share matattun da suka toshe ƙofa da ɗan sanda, ɗaga bayan akwatin kaɗan don ruwa ya gangaro waje, sa abin riƙe ɗumi a saman murfi. In akwatin ba nauyi, ɗora musu curin sukari mai laushi a kan ramin murfi. Ruwan sukari a yanzu zawon zai ƙara.

Baban Khalifa, Yorkshire, Ingila

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ban buɗe ba. Na kai ƙudan kowace amya daban wa wata mata a ƙungiyarmu mai madubin likita. Mai zawon ƙwayoyin sun cika gilashin, na gani da idona. Ta biyu 'yan kaɗan, ta uku babu. Ta ce da madubi ba a iya rabe wace iri ce a cikin biyun. Dakta, wane magani kuke bayarwa?

Dakta, Alberta, Kanada

Fumagillin muke amfani da shi, a nan doka ta yarda. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba a yarda da shi ba, kada ka nemo shi ta bayan fage. Ko a nan ma a ruwan sukari ake ba da shi, da kaka ko da bazara, ba a tsakiyar sanyi ba. Kuma wadda ke hayayyafa a hanji yake dannewa, ba ya kashe ƙwayar da ke kwance a saƙa. Shi ya sa na ga amyar da aka ba magani ta sake kamuwa, don an bar ta a kan tsohuwar saƙarta.

Maman Ummi, Freiburg, Jamus

To ka ga aikinka na Afrilu ke nan. In Allah Ya sa sun kai, ranar da aka samu ɗumi sosai ka ɗora musu akwati mai tsabta da sabon kaki, ka mayar da sarauniya sama, ka bar 'ya'yan ƙasa su gama ƙyanƙyashewa, sannan ka janye tsohon akwatin gaba ɗaya. Saƙar da ta yi baƙi ko ta sha kashi a narkar da ita. Katakon a kankare a babbake da wuta. Saƙar da ke da sauran kyau, in babu ƙuda a kai, ana turara ta da asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 80 cikin 100, mililita 120 zuwa 140 a tsumma a saman kowane akwati, a like ko'ina mako guda, sannan a bar ta ta sha iska. Yana ƙona fata yana cin ƙarfe, sai da safar hannu da tabarau, a waje kuma. Kafin nan ka rage ƙofar mai ciwon don maƙwabtanta kada su shiga sata, kayan aikinta su zama daban. In kuma ta mutu, rufe ta ruf a ranar, zumar da ta bari kada ka ba sauran biyun.